Taken Gidan Tanko

Duk wanda ya zo wurina ya ce yana son koyon kiɗan noma, ɗanyar fatar akuya nake fara miƙa masa, in ce ya je bayan gari ya kankare gashin ya dawo. Yawancinsu ba sa dawowa. Samarin yanzu gani suke ganga duka ce kawai: ka rataya, ka jibga, 'yan mata su yi guɗa, a cika maka ciki da fura. Wani mai babur a Roni har cewa ya yi ko jaki aka ɗaura wa gula, sandar dukan ganga, zai fitar da amo. Na ce masa gaskiya ne, shi ya sa nake ganin shi ma zai iya. To, ku masu irin tunaninsa, ga abin da ke cikin aikin.

Gangata ta farko a kasuwar Gwiwa aka sassaƙa kangonta, na icen alilliba, don ba shi da nauyi kuma ba ya saurin tsagewa. Fatar akuya mace ake ɗaura mata, ta bunsuru kauri gare ta, muryarta kamar ta mai mura. A fuska ɗaya ana jan tsarkiya, ita ke ba da amon nan da ake jiyowa daga nesa. Wahalar ita ce aikinmu na damina ne, fata kuwa ba ta son laima. Ka kwana da ganga lafiya, ka tashi ka tarar ta saki kamar tsumma. Sai ka hura karmami ka riƙa gasa ta, kana shafawa da tafin hannu kana saurare. Ka matsa kusa ta ƙone, ka yi nawa a tafi gona a bar ka. Sannan ka rataya ta ka yi ta tafiya da baya-baya a gaban manoma, kana tsallake kunya ba tare da ka dubi ƙafarka ba, tun hantsi har la'asar. Kafaɗata ta hagu har yau ta fi ta dama sauka.

Ƙanin mahaifina, Baba Ɗanjuma, shi ya koya mini. Na daɗe ina bin sa da kazagi, ƙaramar gangar da ke raka babba, kafin ya yarda in taɓa tasa. Ba ya bayani, sai ranƙwashi. Abin da ya fi ranƙwashina a kai shi ne inda nake sa ido.

"Sale, daina kallon garma," haka yake cewa. "Garma ba ta gajiya. Dubi wuyan mutum, dubi haƙarƙarinsa."

Domin aikin makaɗin gayya kashi biyu ne, tayarwa da saukewa. Kowane manomin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da ganga ke kiran sa da shi, shi kaɗai. In ya ji nasa sai jikinsa ya ɗau rawa, ya fara tsuma, ya yi kirari, ya faɗa kunya ya yi aikin mutum uku. Wannan kowane makaɗi ya iya. Saukewa ita ce aiki: ka ga numfashin mutum ya fara sarƙewa, ka sassauta hannu kaɗan-kaɗan yadda ba zai gane ba, ka dawo da shi cikin sahu ba tare da ka kunyata shi ba. Kuma take gado ne. In mai shi ya rasu, ajiye shi ake yi har babban ɗansa ya isa riƙe garma, sannan a kaɗa masa.

A duk ƙasarmu, daga Roni har wajen Achilafiya, ba taken da ya kai na Tanko daɗin kaɗawa. Abin da gangar ke faɗa shi ne, "Sha gaba, ɗan Mairo, rana ta gaji, kai ba ka gaji ba." Yana farawa a hankali, sai ya tsinke da gudu a ƙarshe. Tanko mutum ne dogo mai shiru-shiru, amma in ya ji shi, sai ka rantse an canza shi.

Ranar da ya faɗi ina bayan Baba da kazagi. Huɗar dawa ake yi a wata gona kan hanyar Roni, sararin sama garau, ba wani zafin a-zo-a-gani. Baba ya saki taken, Tanko ya ɗaga garma sama ya yi kirari, ya shiga kunya, ya bar kowa a baya. Yana dab da kai ƙarshe sai ya durƙusa, ya kife a kan garmar. Muka ɗauka tuntuɓe ya yi. 'Yan mata ma ba su daina guɗa ba sai da aka juya shi aka ga idonsa. Mutumin da bai taɓa kwanciya ciwo ba, ya ci tuwonsa da safe kamar kowa. Wasu suka ce jifa ce, wasu suka ce baki ne ya kama shi, aka yi ta zargin wani abokin gasarsa har mutumin ya bar garin. Tanko ya bar matarsa Hajara da yara maza biyu, Habu yana tatata, Isiyaku yana goye. Baba ya ajiye taken.

Bayan Baba ya rasu na gaji gangar da masu gayyarsa. Na sha fama da su. Akwai mai gonar da zai tara samari ya ba su kunu tsararo, ya ce in matsa musu da kiɗa. Akwai wanda zai rantse maka da damin gero in kaka ta yi, kaka ta zo ya riƙa canza hanya in ya hango ka. Akwai ragon da zai ja ka gefe ya roƙe ka ka ƙirƙira masa take, ka yi masa, ya yi tsuma har da birgima, a shiga kunya a tarar da shi a ƙarshe. Duk da haka shekarun nan ba laifi. Da damina ba ni da ranar zama, ana zuwa da keke a ɗauke ni har Babura.

Da Habu ya isa, ni na buɗe masa taken ubansa. Ya ɗauke shi kamar an auna masa. Damina da yawa ina kaɗa masa yana cinye gayya. Sau ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kunya, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo yana dariya. Ba wanda ya tsorata, sai ma yabo, ana cewa jinin Tanko ne, tsumarsu ta fi ta kowa ƙarfi. Shi kuma ba a gona ya tafi ba. Wuta ce ta kama dangar maƙwabcinsu da rani, aka yi ihu, ya suri bokiti ya fito a guje, ya faɗi a bakin zaure. Ko hayaƙin bai kai gare shi ba. Saboda haka ba wanda ya haɗa mutuwarsa da ta ubansa, ni ma ban haɗa ba.

Hajara ce ta haɗa. Da Isiyaku ya suma a wajen kokawa, ba ta tsaya jiran masu rubutu da turare ba, ta sa aka kai shi asibiti a Kazaure. Suka duba suka ce ba su ga komai ba, amma da ta ba su labarin ubansa da wansa, sai suka tura su Kano. Da suka dawo ta zo gidana da yamma, ta tsaya a soro, ta ƙi zama.

"Sale, magana na zo mu yi."

"Bismilla, Yaya Hajara. Yaya mai jiki?"

"Jikinsa garau, abin da ya ɗaure mini kai ke nan. In yana kwance zuciyarsa lafiya lau, sun duba sun sake dubawa. Sai da suka manna masa wayoyi a ƙirji, suka sa shi gudu a kan wani inji, sannan likitan ya ce a tsaya, a tsaya. Ya ce in ransa ya tashi, ko murna ce, ko tsoro, ko fushi, ko gudu, sai bugun zuciyar ya rikice. Wani lokaci ta dawo daidai da kanta, wani lokaci ba ta dawowa. Ya ce a jini yake, daga uba yake sauka kan 'ya'ya, ba kowane ɗa ba, amma yana sauka. Kuma ba a cika samun irinsa ba."

"Ba magani?"

"Akwai ƙwaya, kullum sai ya sha har iyakar ransa. Amma ya ce ko da ƙwayar, ban da kokawa, ban da gasa, ban da duk abin da zai tayar masa da rai." Ta dube ni. "Kai ne mai tayar da rai a garin nan. Don Allah, don Annabi, kada ka kaɗa masa taken nan."

Na yi mata alkawari a tsaye. Abin da likitan ya faɗa bai yi mini wuyar ganewa ba, don na san yadda ganga ke yi in hannu ya riga kansa gudu, kiɗa ya watse ya zama hayaniya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk shekarun nan ina kallon wuya da haƙarƙari kamar yadda aka koya mini, alhali abin yana inda ido ba ya kai wa.

Damina biyu Isiyaku yana lallaɓawa. Yana nomansa shi kaɗai a hankali, in an yi gayya ya ba da uzuri. Samari suka sa masa suna Mai Ƙwaya. Sai ya nemi auren 'yar Malam Bawa, aka ba shi. A al'adarmu kuwa, saurayin da aka yi wa baiko sai ya tara abokansa ya kai gayya gonar surukinsa, kuma shi ne a gaba. Ba doka ba ce, amma wanda bai yi ba, matarsa za ta sha gori a bakin rijiya har ta tsufa.

Ya same ni ina gasa fata. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye goro.

"Baba Sale, na zo gayyatarka gonar Malam Bawa."

"Zan je. Amma ka san abin da ba zan kaɗa ba."

"Baba, taken ubana ne fa. An kaɗa wa Yaya Habu. Ni kaɗai ne zan shiga gonar surukaina kamar baƙo?"

"Uwarka ta roƙe ni, na ɗau alkawari."

"To ai sai in nemo makaɗi daga Gwiwa. Ba kai kaɗai ka iya ba."

Nan ya kama ni. Taken ya yi suna, makaɗan Gwiwa duk sun iya shi, kuma ba wanda zai tsaya sauke shi a cikinsu. Na ce masa ya bari ni zan zo, zan yi musu kiɗan sahu mai daɗi wanda ba wanda zai raina, shi ya tsaya a tsakiya, a gama tare. Na tambaye shi yana shan ƙwayarsa. Ya ce yana sha, sai dai tana kashe masa jiki, in ya sha garma nauyi take yi masa. Na ce ko dutse ta zama, ya sha. Ya ce to, yana kallon ƙasa.

Ranar gayyar na yi kiɗan da ban taɓa yin irinsa ba, kuma ba wanda ya sani. Maimai ake yi, wato noma na biyu, a gonar gero, samari sun cika, 'yan mata sun zo da ƙoren fura, amaryar tana cikinsu ta rufe fuska. Na riƙe sahun gaba ɗaya a tafiya ɗaya, ba gudu ba nawa. Duk wanda ya nemi zarcewa sai in ja shi baya da hannu. Ban kaɗa taken kowa ba, don kada a ce na ware mutum ɗaya. Idona yana kan wuyan Isiyaku. Har rana ta take yana lafiya, yana ma murmushi, kuma an ci fiye da rabin gonar. Na fara cewa a raina mun tsira.

Bayan an sha fura aka koma, sai wani abokinsa ya ɗaga kai ya ce, "Baba Sale, yau ba take ne? Ango fa ake yi wa aiki!" Na yi kamar ban ji ba. Wani ya ce tsoho ya manta, bari a tuna masa. Ba da mugunta suka yi ba, ƙaunarsa ce ta sa su. Ɗaya ya fara da baki, "Sha gaba, ɗan Mairo," na kusa da shi ya amsa, "rana ta gaji, kai ba ka gaji ba." Kafin in ankara sahu duka ya ɗauka, suna buga ƙotar garma da dutse, 'yan mata suna tafi daidai inda ganga ke faɗuwa. Tun suna yara suke jin sa. Ban taɓa tunanin cewa taken ya bar hannuna ya koma bakin gari ba sai ranar.

Na ga kafaɗun Isiyaku sun fara rawa. Na yi ihu na ce su bari, ba wanda ya ji, wasu ma sun ɗauka kirari nake yi. Sai na yi abin da makaɗi ba ya yi: na shiga tsakiyarsu ina dukan ganga a karkace, ina faɗawa inda ba a faɗawa, don in watsa musu waƙar. Na daki fatar nan har gula ta tsage. Amma baki talatin ya fi ganga ɗaya. Amaryar ta saki guɗa. Isiyaku ya ɗaga garma sama kamar ubansa, ya yi kirarin da bai taɓa samun yi ba, ya faɗa kunya. Wallahi ya yi kyau. Na jefar da gangar na bi shi da gudu ina kiran sunansa, ban cim masa ba sai da ya kife.

Aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya yana riƙe da shi, aka nufi Roni. Tun kafin su hau titi, wanda ke riƙe da shi ya ce a juya, rai ya yi halinsa. Daga baya Hajara ta gaya mini ta tarar da ƙwayar ranar gayyar da ta jajibirinta a ƙarƙashin tabarmarsa.

Wannan ita ce muguwar shekarata, kuma ba fari ne ya kawo ta ba. Tun a wajen zaman makoki magana ta fara yawo. A wurinmu an yarda cewa in mutum yana tsuma aka yanke masa take a tsakiya, abin yana komawa cikinsa ya illata shi. Kowa ya ga na hana yaron takensa tun safe, kowa ya ga na ɓata kiɗa lokacin da ya tashi. Me ya rage? Aka ce ni na kashe shi. Na yi bayanin likita har na gaji, Hajara ma ta fito ta faɗa da bakinta, aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta. Wani dattijo ya tambaye ni, in ciwon zuciya ne, yaya aka yi Habu ya sha takensa shekara da shekaru yana cinye gayya? Na ce wuta ta kashe shi ba ta taɓa shi ba. Ya ce wannan kwana ne ya ƙare. Daga ranar ba wanda ya ƙara aiko mini da goron gayya. Na sayar da akuyoyina, na koma yi wa mutane ƙwadago a gonakin da na saba shiga ana yi mini maraba.

Damina ta zagayo, ɗan ƙanin Tanko, Garba, ya kai tasa gayyar. Dangi suka ce shi ya gaji taken, kuma a wannan karon za a kaɗa shi cikakke, ba yankewa. Suka ɗauko makaɗi daga Gwiwa. Ina zaune a ƙofar gida ina jiyo shi, ya iya kuwa, bai kuskure ko ɗaya ba. Garba ya yi tsuma, ya cinye gonar, ya dawo gida a kafaɗar abokansa lafiya ƙalau. Na yi masa murna, Allah ya sani. Amma na san abin da tsirarsa ta jawo. Gari ya samu hujja. Da ma likitan Kano ya ce a kai duk 'ya'yan gidan a gwada su a kan injin nan, tun daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Yanzu gayya ta ja baya, shanu da injin huɗa da maganin feshi sun cinye ta. Sai ta surukai ce ba ta mutu ba, ita ma don a ɗauka a waya ne. Habu ya bar ɗa guda, Sani, yana ciki lokacin da uban ya faɗi. Ya girma, dogo mai shiru-shiru. Bara ya suma a filin ƙwallo, aka yayyafa masa ruwa ya tashi yana dariya. Kakarsa ta roƙi a kai shi Kano, baffanninsa suka ce ba za a mayar musu da yaro Mai Ƙwaya ba. Bana aka yi masa baiko.

Shekaranjiya Hajara ta aiko a kira ni. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, sai kunne. Na durƙusa a bakin ɗakinta na gaishe ta.

"Sale, an sa ranar gayyar Sani. Sun ce Garba ya sakar masa taken, na kakansa ne. Har sun kai wa na Gwiwa goro."

"Na ji, Yaya. Na je na sami Sani, na sami su Garba. Sun ce in fita harkar gidansu."

"Ba abin da za ka iya?"

"Wancan karon ina da ganga a kafaɗa, ina da ƙarfi, ina tsakiyar gonar. Kin ga abin da na iya."

Ta riƙa murza bakin zanenta. Gonar surukan Sani tana bayan gidan nan ne, ko tari aka yi a can ana ji.

"To ka zo ka zauna da ni," in ji ta. "Ni ban san kiɗa ba, ƙara kawai nake ji. Kai ka san inda yake tsinkewa da gudu. In an zo wurin ka gaya mini, in san lokacin da zan fara addu'a."

Na ce mata to. Asabar ce gayyar.